Turwade, Ciwon da Ya Kai Ni Malanbil

Tun da na dawo, 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce, "Iliya, wai da gaske cikin kogi ka faɗa?" Wancan ya ce, "Mi ya kai ka Benin har ka dawo da baƙin tabarau kamar ɗan fim?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara mishi gishiri kafin ya kai gaba, har shekaranjiya na ji wai kada ne ya biyo ni. To ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in koma kan kekena.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Dogon Dutsi, kekena yana zauren gidana. Ina da wa, Isufu, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara goma sha biyu a Malanbil ta ƙasar Benin yana ɗaukar mutane bisa moto. Mu nan kabu-kabu muke cewa, su can zem suke cewa. Da moton nan yake ciyar da mata da ɗiya biyar.

Wata Asabar da hantsi waya ta yi ƙara, na ji muryar matarshi Ramatu. Badandiya ce, 'yar can, Hausarta tana da ɗan karkace, amma ranar na ji ta sarai.

"Iliya, yayanka ya ajiye moto yau kwana tara. Ya ɗaure ido da rawani, ya shige ɗaki, ya ƙi hita. Wurin likita ma ya ce ba ya zuwa."

Sai na ji an karɓe wayar. Muryar Isufu ta fito ƙasa-ƙasa kamar ta mai azumi.

"Iliya, abin Baba ya zo. Biyu-biyu nike gani. Har sunanshi an gaya mini, wai turwade."

Mahaifinmu da ganin biyu-biyu ya fara, da ciwon kai. Aka kai shi likita a makare, ya dawo ba ya ganin ko tafin hannunshi, ya yi shekara goma sha ɗaya a duhu kafin Allah ya karɓi abinshi. A gidanmu ba a ambaton ciwon ido da wasa. Ban tsaya wata shawara ba, na rufe keke da zane, na sa kala biyu cikin jaka, na nufi tasha.

Har Doso ba abin da ya faru sai wata tsohuwa da ta aza mini kwandon zabi bisa cinya ta ce in riƙe mata minti ɗaya, minti ɗayan nan ya kai mu Doso. Da muka sauka na ruga farmasi. Na ce ma mutumin da ke ciki ina neman maganin turwade. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ɗauko wani littafi mai kauri ya yi ta buɗe-buɗe, ya ce shi dai bai taɓa jin ciwo mai wannan suna ba, in kai mara lafiyar likita shi ya fi. Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa an sa ma mutum farar riga a banza. Allah ya yafe mini, bawan Allah nan gaskiya ya gaya mini.

Cikin motar Gaya kuwa sai Allah ya haɗa ni da wanda ya sani. Wani mai magani ne da jakar fata, yana ta tallar na basir da na sanyin ƙashi. Na raɗa mishi damuwata. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Turwade? Ai ni ne ubanshi! Iri biyu ne, akwai namiji akwai mace. Na yayanka wane ne?"

Na ce ban sani ba.

"To riƙe na duka biyun, kada a yi kuskure."

Ya ba ni ƙulli cikin baƙar leda, ya ce a jiƙa a wanke fuska safe da maraice. Na cusa a aljihun wando ina ta godiya, har goro na ba shi.

A Gaya na ci kopto a bakin tasha, zogale da ƙuli ke nan ga wanda bai san Zabarmanci ba, sannan na gangara kogi. Kun dai san gada a rufe take. Manyan motoci sun yi layi suna tsatsa, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashinsu, mutane kuwa da jirgin ruwa suke ƙetarewa, da buhunan albasa da motoci masu ƙafa biyu da awaki, duka cikin jirgi ɗaya. Wani jandarma ya dubi katina ya tambayi abin da zai kai ni. Da na ce wana ne ba lafiya, ya miƙo mini katin ya ce Allah ya ba shi sauƙi.

Yanzu ga maganar faɗawa kogi, ku saurara da kyau don kada a sake ƙara mata kada. Jirgin yana gabana, na ga bakinshi, na ɗaga ƙafa na taka inda na tabbata katako ne, sai na ji ni tsundum har ƙugu. Na ɗaga waya sama ina salati. Mai jirgin, wani dattijo baƙi wuluk mai ƙarfin hannu, ya cafko wuyan rigata ya jawo ni ciki kamar buhu.

"Kai mutumen ina ne?"

Na ce Dogon Dutsi.

"Yo shi ya sa. Dutsi ba ya haihuwar kihi. Zamna nan tsakiya, kada ka motsa."

Mata suka yi ta dariya cikin mayafi. Ni ba kunyar ce ta dame ni ba, maganin Isufu nake ji. Na zaro ledar, ruwa ya shige ta, sai na ga abin yana yauƙi yana bin yatsuna. Na sansana. Matar da ke kusa da ni ita ma ta sansana, ta ce, "Malam, miya za ka kai ma wa?" Garin kuka ne, wallahi, ko daddawa bai sa mini ba.

Malanbil gari ne da ba ya zama wuri ɗaya. Kasuwa ta cika ta batse har bisa hanya, ga doya tuli-tuli, ga garin rogo, ga albasa. 'Yan zem duka da riga iri ɗaya mai lamba a baya, ba kamar namu ba da kowa ke sa abin da ya samu. Na ga mace da goyo tana tuƙa moto da kwandon kifi a gaba, ba wanda ya ko waiwaya. Dandanci ake yi, mai kama da Zabarmanci, amma da na buɗe baki da Hausa sai aka amsa mini da Hausa. Ɗan zem ɗin da na tara, ina faɗin sunan Isufu ya ce, "Ɗan Dutsi? Kwana biyu ba mu gan shi ba." Ya kai ni har ƙofar gida, ya ƙi karɓar komai, ya ce in gaishe shi.

Ramatu ta tarbe ni da ruwa, ta ga wandona a jiƙe, ta yi kawaici. Na shiga ɗakin. An toshe taga da bargo, Isufu yana zaune bisa katifa da rawani naɗe a ido, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Zaman nan da ya yi, hannu bisa gwiwa, kai a ɗan karkace yana sauraro, zaman Baba ne sak. Na ji hawaye, na haɗiye, na yi faɗa a maimakonsu.

"Haba Yaya! Mutum ya binne kanshi tun bai mutu ba? Kwance abin nan in gani."

Da ƙyar ya sassauta rawanin. Na yaye bargon taga, na ɗaga yatsu uku. Ya ce uku. Na ɗaga ɗaya, ya ce ɗaya.

"To ina biyu-biyun?"

"Zuwa yake yana tahiya. Na Baba ma haka ya fara, ka manta?" Ya maida rawaninshi.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na tambaye shi wane likita ne ya faɗa mishi sunan ciwon. Ya ce ba likita ba ne, amma mutum ne mai ilimi, ya yi lakkol, wato boko, Bubakar mai gyaran tele. Shi Isufu ya kai mishi kaya gida, ruwan sama ya tsare shi, aka ce ya shigo ya fake. Yana zaune yana kallon tele sai ya ga kowace mota ta zama biyu, kowane icce ya zama biyu. Ya tambayi na kusa da shi ko mota nawa yake gani, ya ce ɗaya. Ya murza ido, ya ƙura, abin bai sake ba, kanshi ya fara sarawa. Da ya gaya ma Bubakar, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Ai turwade ne, sai ka sa luneti, tabarau ke nan." Isufu ya fito jiri na ɗibarshi, a hanya saura kaɗan ya kaɗe jaki, yana isowa gida ya jingine moto. Na ce gobe da safe za mu koma wurin Bubakar ɗin nan ya yi muna bayani, tunda shi ya san ciwon.

Abincin da Ramatu ta kawo shi ma sai da ya ba ni kunya. Sakwara ce da miya, da wasu jajayen yanka a ciki. Na ɗauka nama ne, na tauna na ji laushi, na ce wace irin dabba ce ba ƙashi ba jijiya. Ta ce wagashi ne, cukun Fulanin can. Da safe kuma ta ba ni akasa naɗe cikin ganye, na ji tsami, na raɗa ma Isufu cewa tuwon ya kwana ya lalace. Karon farko ke nan da na ji ya yi dariya, ya ce haka ake cinta, in ba tsami ba ta yi ba. Na zo zuba mishi shayi kuma na zuba rabi a tabarma, na ɗora laifin ga butar mutane.

Muka kama hanya a ƙasa, rawani a idonshi, hannunshi bisa kafaɗata. Abokan aikinshi suna wucewa suna rage gudu suna kallo. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai nauyinta ba.

Bubakar mutum ne gajere mai tumbi da fara'a, yana da shagon gyara a gaba, gidanshi a baya. Ya ce mu shigo falo. An saki labule, ga wata tele mai faɗin ƙofa a bango, ga manyan mutane biyu zaune, wani direban babbar mota da rufewar gada ta zaunar da shi, da wani mai sayar da albasa, kowanne da baƙin tabarau cikin ɗaki, kowanne riƙe da abin wasan nan mai maɓallai da suke kira maneti. Na buɗe baki in fara bayani, idona ya sauka bisa telen. Mota ja, biyu. Hanya, biyu. Rubutu ma biyu, ɗaya na hawan ɗaya.

"Innalillahi! Yaya, ya kama ni! Ashe ɗauka ake yi!"

Na rufe fuska da hula. Bubakar ya ce mi ya kama wa. Na ce turwade, wanda ka ce ya kama wana, ga shi kwana goma bai ga rana ba.

Sai na ji wani sauti kamar ana tsiyaya ruwa a tulu. Direban ne ya fara, mai albasa ya kama, har maneti ya faɗi ƙasa. Bubakar shi bai yi dariya ba. Ya dubi rawanin da ke idon Isufu, ya dafe kai.

"Wayyo Ɗan Dutsi! Don Allah ka yahe mini. Wasa ya ɗauke mini hankali ranar nan. Turwa de ba ciwo ba ne, sunan telen ne!"

Ya zaunar da mu ya yi muna dalla-dalla. Turwa, uku ke nan da Faransanci. De kuma harafi ne kawai. Tele ta kullum tsawo da faɗi take nunawa, wannan tana ƙara na uku, wato zurfi. Ya ce Allah ya ba mutum ido biyu, kowanne daga gefenshi yake hangen abu, kai ne ke haɗa su ya gane na kusa da na nesa. To telen nan hoto biyu take sakowa lokaci ɗaya, na idon dama da na idon hagu, tabaran nan kuma shi ke raba ma kowane ido nashi. Wanda bai sa ba, dole ya ga biyu-biyu, in ya daɗe yana ƙurawa kuma kai ya sara.

Isufu ya ce, "Ka rantse."

Bubakar ya rantse. Da hannunshi ya kwance rawanin, ya sa mishi tabarau. Isufu ya dubi telen, can wata mota ta kwaso ta nufo mu, sai ga wana ya yi baya ya kife da kujera yana kare fuska. Ya tashi yana dariya, dariyar ta juye kuka, ya yi sujada nan bisa siminti da tabaran mutane a fuska. Ni ma ban san lokacin da na fara hamdala da ƙarfi ba. Wani dutse ya sauka daga ƙirjina wanda tun Dogon Dutsi nake ɗauke da shi.

Aka miƙa mishi maneti. Mutumin da bai taɓa riƙe abin ba, kafin a ɗan jima ya fara shan kwana yana wuce direban babbar mota, yana cewa ai ga kwanar can, da saura, yanzu ne za a taka birki. Bubakar ya ce amfaninta ke nan a wasa. In tseren mota ne ko na jirgin sama, kana gane tazarar da ke tsakaninka da abu, ba ka cin karo a banza. In ƙwallo ne kuwa, 'yan wasan ƙanana ne can nesa, ba wani bambanci. Na tambaye shi ko yana ba mutum shawara ya saya ya kai gida. Ya karkata kai ya ce shi dai son abin ne ya kama shi. Masu ƙera ta ma sun daina, sai tsofaffi da ake samowa a Kwatano, wasannin da ke tafiya da ita kaɗan ne, hoton ya fi na kullum duhu, in ka wuce awa guda kai ya yi nauyi. Tabarau shida ta zo da su, ɗiyanshi sun zauna bisa uku sun karya.

Sai aka ce saura baƙo. Na gyara zama, na sa tabarau. Hoton ya haɗe ya zama ɗaya, tas. Na jira motar ta fito ta same ni. Ba ta fito ba. Tele ce dai kamar ta gidan kowa, sai ɗan duhu.

"To ina zurfin?"

Suka ɗauka tsiya nake yi. Mai albasa ya ce ga ta nan kamar ka kama da hannu. Na ce ni ban ga abin kamawa ba, ku dai kun haɗa baki ne. Bubakar ya tsayar da wasan. Ya cire mini tabaran, ya yaye labule, ya ce in rufe idon hagu in dube shi. Na gan shi sarai har da furfurar gemu. Ya ce to in rufe na dama.

Bubakar ya ɓace. Sai wani farin abu, kamar ana leƙen mutum ta cikin ruwan koko, da inuwa tana motsi a ciki. Na buɗe, na sake rufewa. Haka dai. Ashe idon dama ne ke ta yi mini aiki shi kaɗai, ban san tun yaushe ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na ƙetare kogi ina hango na wani. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Isufu ne ya miƙe. Ya ce ma Bubakar ya ara mishi moto. Mutumin da ya rantse ba ya taka ƙofar likita, shi ya ɗora ni a baya yana ce mini, "Riƙe ni da kyau, kada ka yi mini gardama." Wata ma'aikaciya ta haska mini fitila a ido ta daɗe tana dubawa. Na ba ta labarin Baba, ta saurara har ƙarshe, ta ce nawa ba irin nashi ba ne. Yanar ido ce ta rufe shi, jijiya lafiya lau take, kuma ana cirewa. Likitan ido yana zuwa daga Paraku ran Laraba. Ta duba Isufu shi ma, ta ce idonshi ya fi nata.

Na yi kwana tara a Malanbil maimakon biyu. Na saba da akasa har ina neman ƙari. Ran Laraba aka yi aikin, ban ji komai ba sai sanyi, washegari aka cire audugar. Abin da na fara gani shi ne Isufu tsaye da rigar zem, ya bar aiki ya zo, kuma na ga cewa akwai fili tsakaninshi da bangon da ke bayanshi. Aka ba ni baƙin tabarau saboda rana, wanda kuke ta yi mini tsiya a kanshi. Ban koma gidan Bubakar na gwada telen ba, an ce in huta da kallo, amma ya aiko mini da gaisuwa da ƙullin wagashi. Da zan shiga jirgi a dawowa, ƙafata ta sauka inda na aike ta.

Sauran abu ɗaya, wanda ban faɗa a fada ba sai yanzu. Da na iso gida na huta, na yaye zanen keke, na ɗauko wata riga da na gama kafin in tafi, ina so in ga aikina da ido biyu. Ɗinkin wuyan ya miƙe sambal. Amma a gefenshi na ga wasu 'yan ƙananan huji a jere, layin allura da aka warware, ya karkace ya yi nashi wuri. Na ɗauko wata rigar, haka. Na ɗauko wando, haka. Na kira matata Rabi, na nuna mata. Ta dubi rigar, ta dubi ƙasa.

"Shekara biyu ke nan. In ka tahi sallar azahar sai in warware in maida."

"Shekara biyu, Rabi? Mi ya hana ki gaya mini?"

"Na ga yadda kake zama in an ambaci Baba. Na ce bari dai in riƙa gyarawa, har Allah ya kawo mai gaya maka."

Kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata 'yar reza da ta naɗe da takarda, ta ajiye mini bisa keke.

"Ungo abinka, Malam. Ni dama tuwo na iya."